Littafin Baba da Gara ta Ci

Dogon Dutsi, ran Litinin

Zuwa ga Yaya Josué,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wasiƙar nan ta same ku lafiya, kai da Lydie da yara a can Kwatano. Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Salular da ka aiko wa Baba ta iso, kuma Hervé ɗan maƙwabcinmu ya nuna mana littafin addu'o'in da ka saya ka zuba a ciki. Na san lissafinka, Yaya: na salula sefa jikka biyu, na takarda mai manyan baƙaƙe jikka goma sha biyar ban da kuɗin mota. Ba ka yi laifi ba. Amma ka manta hannun Baba, shekara hamsin yana riƙon hauya. Ya shafa gilashin ya ƙi motsi, ya danna da ƙarfi shafi goma su wuce. Ya yi dariya ranar farko, yanzu ya daina.

Abin ma ya wuce nan. Da na matsa masa, sai ya ce mini: "Rut, ni da nake hana yara taɓa salula cikin majami'a, in tashi gaban jama'a in hiddo tawa? Mi za su ce?"

Jiya Lahadi ya ɗauki tsohon littafinsa da gara ta cinye rabinsa, ya tsaya gaba kamar kullum, ya buɗe, yana kawo addu'ar da ka kamar karantawa yake. Ya kai tsakiya ta ɓace masa. Ya tsaya yana kallon huji a takarda, har wani ya tashi ya ƙarasa. Ni dai na sunkuyar da kai, kuka ya zo mini. A hanyar gida ya ce mako mai zuwa a ba wani karatun, wai maƙogwaronsa ke ciwo. Lafiyar maƙogwaronsa lau.

Don Allah ka nemo na takardar, ko tsoho ne, ka ba direban Doso ya sauke mana. In kuɗin ya yi maka yawa, akuyata na nan, zan kai ta kasuwar Kore Mairuwa. Shekara talatin yana wannan karatu, ba na so ya ƙare shi da ƙarya.

Inna da Adama suna gaishe ku. Ka gaida Lydie, ka shafa mini kan yara. Baba bai san na rubuto ba, kada ka faɗa masa.

Ƙanwarka,
Rut