Ƙwaryar Innarka

Ɗana Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Abijan?

Ranar kasuwar Kore Mairuwa innarka ta kai ƙuli-ƙulinta don ta sayo hatsi. Da ta dawo na tashi in sauke mata ƙwarya, na sa ƙarfi, sai ta taso ba nauyi. Na ɗaga faifan, cinikinta duka bai sayi tiya ba.

Ta kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ta ce, "Mushe, rufe, maƙwabta na kallo."

Ashe tun daga tasha take tafiyar mai ɗauke da kaya. Ni da na tsufa ina koyarwa a lakwal, abin da na iya mata ke nan: na rufe.

Kada ka nuna mata ka sani. Ka sa ta a addu'a. Gaida Hadiza da yara.

Mahaifinka