Kilo Takwas da Rabi, Har da Kwali

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan da ke hana ki hawa bene amma ba ta taɓa hana ki hawa kaina ba. Ki gaida mijinki, mutumin da ya fi kowa haƙuri a danginmu, wataƙila don ba jininmu ba ne.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba na samun shiga. Ranar Talata kin yi minti ashirin da biyu kina magana, ni na ce "to" sau uku, sai ga shi na ji kin gaya wa dangi na amince ki zo ƙarshen wata ki tafi da 'yata. Ban amince ba. Wannan "to" ɗin na numfashi ne. Kuma shekara ashirin da huɗu ina tsaye bayan kantar gidan waya ina aika wasiƙun jama'a, ya kamata ko sau ɗaya ni ma in lashi ambulan don kaina.

Jiya Manaja ta cika shekara ɗaya. Haka abokan aikina ke kiran ta, don tun da ta fara zama take duban kowa kamar ya makara. Na sayo ɗan ƙaramin kek. Malama, tsohuwar malamar makarantar nan ta ƙasan benenmu da ke riƙe ta daga safe zuwa ƙarfe biyu, ta hauro da kyandir guda. Manaja ta kai wa wutar cafka, na riƙe hannun, ta yi mini kukan minti biyar, sannan ta bar kek ɗin ta ci takardar da aka naɗo shi. Na san kin ce ranar ba ta murna ba ce, tunda kwana tara bayanta muka rasa uwarta. Na yi tunanin wannan. Kwana taran nan ne kaɗai suka yi tare a duniya, ba zan mai da na farkonsu ranar makoki ba.

Kin ce namiji ɗan shekara arba'in da takwas bai san komai game da jariri ba. Bara gaskiyarki ce. Wankan farko da na yi mata, na riƙe ta kamar saƙon da aka rubuta wa "gilashi ne, a yi hankali", gumi na zuba a ruwan wankan. Na karanta littattafai huɗu a kan renon yara. Na farko ya ce a ɗauke ta idan ta yi kuka, na biyu ya ce a ƙyale ta, na uku ya ce na farko da na biyu duk ba su san aiki ba. Na huɗun Manaja ta yi masa hukunci da haƙoranta, shida ne yanzu. Daga nan na koma karanta ita kanta. Na san kukan yunwa, na san na jiƙa, na san na rainin hankali, wanda ba hawaye a ciki kuma ana yin sa ne da ido ɗaya a buɗe. Da baya ta fara rarrafe, sai ta tsinci kanta ƙarƙashin gado tana mamakin yadda duniya ke guje mata. Yanzu tana kama ƙafar tebur ta miƙe. Tana ce mini "Ba". Tana ce wa cokali "Ba", haka ma kyanwar maƙwabta, amma ni da wata murya ta daban take faɗa, kuma ba na karɓar gardama a kan wannan.

A matakalar bene kullum sai na haɗu da mai tambaya: yaushe za a kai ta hannun mace? Ina ce musu ranar da ta shigar da ƙara.

Ranar zaman makoki kin ce a bar mini ita ta shekara, sannan ta dawo wurinki. Ke kika faɗa, ke kika amsa. Ni a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani.

Tunda ke ma'aikaciyar jinya ce, ba kya jin magana sai da lamba, ga lamba daga katinta. Wata tara, a asibiti, ranar allura: kilo bakwai da giram ɗari huɗu. Daga nan ni nake auna ta da kaina a sikelin ofis, wanda ake duba lafiyarsa duk shekara. Wata goma, kilo takwas. Sha ɗaya, takwas. Jiya, takwas da rabi. Ki nuna wa dangi.

Ba za ta je ko'ina ba, Yaya. Ki huta lafiya.

Ƙanenki

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Mijina yana amsawa, ya ce kar ka saka shi a ciki.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka iya zance, tun kana yaro haka kake, ka fasa kofi ka kawo bayanin da zai sa a ba kofin laifi. Na tsallake barkwancin na tsaya a kan lambobin.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna yara. Ban taɓa ganin yaron da nauyinsa ke faɗawa cif a kan takwas, takwas, takwas da rabi ba. Nauyin yaro yana zuwa da ɓarɓashi, ɗari biyu da hamsin, ɗari bakwai da talatin. Lambar asibiti ce kaɗai mai ɓarɓashi a cikin naka. Ka gaya mini yadda kake auna ta. Da kaya a jikinta? A cikin me kake ajiye ta, tunda yarinya mai rarrafe ba ta zama shiru a kan farantin sikeli? Kuma abin da allurar sikeli ta nuna kake rubutawa, ko abin da hannunka ya saba rubutawa?

Me ya hana ka komawa asibiti tun wata tara? Kada ka ce mini layi.

Ka kai ta gobe, a tuɓe ta a auna. Ba don in ci ka da gardama nake faɗa ba. Hoton da ka turo na kek na duba shi da tabarau, wuyan hannunta bai yi mini ba.

Ban ce ba ka son ta ba. So ba ya ƙara giram. Ranar ashirin da takwas ina nan tafe, kamar yadda na faɗa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, amma yau ba da dogon wuya ba.

Na kai ta. Wadda ta karɓe mu wata 'yar gajeriyar ma'aikaciyar jinya ce mai irin muryarki, har na yi zargin makaranta ɗaya ake koya muku ita.

"Baba, a cire mata komai."

"Har da safa?"

"Har da safa."

Ta ɗora ta, ta duba, ta sake ɗorawa. Sannan ta buɗe katin.

"Wa ya rubuta takwas da rabi a nan?"

"Wani ma'aikaci ne," na ce.

"Na wane asibiti?"

"Na gidan waya."

Ta dube ni ta saman tabarau har sai da na gyara tsayuwa. Kilo bakwai da rabi, Yaya. Wata uku, giram ɗari kacal ta ƙara.

"Me take ci?"

"Madara. Ayaba idan ta ga dama. Biskit."

"Biskit nawa?"

"Gwargwadon kukan."

"Baba, kai ne ke renon ta ko ita ke renon ka?"

Daga can ofis na wuce, na ɗauko kwalin da nake saka ta a ciki. A sana'armu ba a auna kaya tsirara. Abin da aka miƙo maka a kantar ofis, da kwalinsa da igiyarsa, shi za ka ɗora. Kuma duk abin da ya haura, ko da giram goma ne, a rabin kilo na gaba ake rubuta shi. Hannuna ya yi haka sau dubu nawa ban sani ba, ya yi wa 'yata ma bai tambaye ni ba. Na auna kwalin da rigunanta da takalmi: giram ɗari uku da hamsin. Rabin kilon da na yi miki taƙama da shi kuwa, bargo ne. Sanyi ya shigo, na shimfiɗa mata bargo a kwalin. Wato bargon na yi wa kek.

Abokin aikina na kantar kan sarki ya fara dariya, ya ga fuskata, ya koma lissafin da ba shi da shi.

Kin tambayi abin da ya hana ni komawa asibiti. Ba layi ba ne. Kafin a kai ɗakin awo sai an bi ta wani dogon baranda, akwai benci mai launin kore a gefen hagu. A kansa nake zaune aka fito aka gaya mini uwarta ta rasu. Ranakun allura na daure na wuce shi don babu yadda zan yi mata allura a ofis. Awo kuwa na ce ai ina da sikeli. Wannan ne gaskiyar, kuma ba hujja ba ce. Jiya na wuce bencin sau biyu, bai ce mini komai ba.

Sun ɗebi jininta, sun ce ya yi ƙasa kaɗan, sun ba da maganin ɗigawa. Ba wata cuta. Yunwa ce ta yarinyar da ubanta ya ɗauka ƙin cokali ra'ayi ne da ya kamata a mutunta.

Yanzu ga inda za mu saɓa. Kina da hujja a hannu, ni na ba ki ita da rubutuna. Kina iya karanta wa dangi wannan takarda, kowa zai ce ki ɗauke ta. To ki sani ko kun taru a ƙofata, ba zan buɗe da jakarta a hannu ba. Na yi kuskure, kuma ni zan gyara shi, don ni na san ba ta buɗe baki sai an ba ta nata cokalin ta riƙe a hagu, an kuma yi kamar ba a damu ba. Ni na san idan ta ja kunnenta na dama saura minti goma ta yi barci. Kin san yara dubu, Yaya. Ni guda ɗaya na sani, amma na san ta. Ta rasa mutum ɗaya tun ba ta san fuska ba. Yanzu ta san fuska. Ba zan bari ta waiwaya a sabon ɗaki tana neman tawa ba saboda na kasa cire nauyin kwali.

Biskit ya bar gidan nan. Malama ta kwashe sauran, ta ce za ta hukunta su da shayi.

Ƙanenki

*

Auta,

Na samu. Ban karanta wa kowa ba, kuma ba zan karanta ba.

Na ɗaga tafiyata da mako uku. Ƙwai kullum, wake da aka murƙushe, hanta sau biyu a mako, ɗan mai a cikin duk abin da za ta ci. Abinci kafin madara, ba bayanta ba. Sau biyar a rana, ko ta yi kukan da ido ɗaya ko da biyu.

Ranar da mako ukun ya cika ka aiko mini da lamba, da rubutun waccan gajeriyar, da sa hannunta. Idan allurar sikeli ba ta motsa ba, zan zo, kuma ba sallama zan tsaya yi ba.

Bencin nan, da ka gaya mini tun farko.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ga takardar nan a ciki, ban taɓa ta da biro ba. Kilo bakwai da giram ɗari takwas da ashirin, tsirara, tana ihu. Ki lura da ɓarɓashin.

An sha yaƙi. Hanta ta fara shiga ne ta kunnena da aljihun rigata kafin ta gano hanyar bakinta. Ranar Laraba na tsaya a kantar ofis ina sallamar jama'a da ƙwai a gira, babu wanda ya gaya mini sai da aka tashi. Gajeriyar ta ce mu dawo bayan wata guda, kuma ta hana ni kusantar katin.

Idan har yanzu kina nan tafe, ki zo. Akwai katifa, akwai shayi. Amma ke kaɗai za ki koma.

Ƙanenki

*

Auta,

Na ga takardar. Hannun ma'aikaciya ne, na yarda.

Tun watan jiya na sa aka yi wa ƙaramin ɗaki fenti saboda ita. Yau na ce wa mijina ya mai da keken ɗinkina ciki. Na gaya wa dangi yarinya tana gidan ubanta, wanda ke da magana ya same ni.

A cikin ƙunshin nan akwai rigar da na saya don ranar da zan ɗauko ta. Ta 'yan shekara ɗaya ce, za ta yi mata yawa. Kada ka kai a rage.

Ku cika ta.

Yayarka