Gwangwanin Katunanki Yana Wurina

Zuwa ga Malama Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da maigida da yara, da fatan Maiduguri ta karɓe ku da zaman lafiyar da kuka daɗe kuna roƙo. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a shafina na intanet, alhali lambarki tana cikin wayata. Da gangan na yi. A gaban ɗalibai na yi laifin, don haka gara su ma su karanta.

Gwangwanin biskit ɗin nan naki bai ɓata ba. Sau uku kina bugo waya kina tambaya ko masu shara sun gan shi a ofishinmu, sau uku ina ce miki ban sani ba, alhali yana ƙarƙashin gadona a Luggere. Abin da ya sa na tona kaina shi ne, Shugaban Sashe ya kira ni makon jiya. Ya ce ɗalibai sun daina shiga lakcata, in ba a ga canji kafin ƙarshen wannan zango ba, zai ba wani kwas ɗin Hanyoyin Koyarwa. Kwas ɗin da nake riƙe da shi tun kafin ki san hanyar Yola.

Kin tuna zuwanki? Lokacin da 'yan gudun hijira suka cika garin nan, har masallatai da makarantu suka zama wurin kwana, kika iso kwalejinmu da jaka ɗaya. Littattafanki da duk abin da kika taɓa rubutawa sun ƙone a can. Aka raba mana ɗalibai gida biyu, aka ba ki tebur kusa da nawa. Na tausaya miki, na miƙo miki littafina mai baƙin bango, wanda nake yi wa ɗalibai shifta daga cikinsa shekara da shekaru. Kika karɓa da hannu biyu, kika ce, "Na gode, Adda." Washegari kika maido shi. Wallahi tun daga ranar na fara jin haushinki.

Sai ga ki da kwalayen sukari daga kasuwar Jimeta, kina yayyanka su da almakashi. Kafin kowace lakca sai ki zauna kina rubutu a jikinsu, kina murmushi ke kaɗai, ki jera su a gwangwani. Na ce a raina, wannan baiwar Allah wasan karta ta zo yi.

Ajina tsit, ba ka jin komai sai muryata da ƙarar biro, kuma ina alfahari da haka. Naki kuwa kamar tashar mota. Kujeru a karkace, ɗalibai biyar biyar suna gardama, ke kina zagayawa hannu a baya. Har ƙararki na kai ofis, na ce hayaniyarku tana hana mu karatu. Ban faɗa musu cewa ɗalibaina ne suke sulalewa suna cika miki taga ba.

Ban kuma faɗa wa kowa cewa ni ma nakan tsaya a wurin ba. Ranar Talata ba ni da lakca da safe, sai in ɗauki fayil kamar mai zuwa wani wuri, in laɓe a bayan tagar ƙarshe. A nan na ga abin da kika yi da Hammadu, ɗan Ngurore ɗin nan da ya yi shekara a ajina ban san muryarsa ba. Kika ce ya fito ya koya wa 'yan aji yadda ake dashen shinkafa. Ya yi minti goma yana zuba, har da durƙusawa. Da ya gama kika sa su zaƙulo gabatarwa da misali da tambayar auna fahimta daga cikin abin da ya yi. Darasin da nake mako biyu ina shiftarsa ke nan. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Shi ya sa ranar da za ki koma gida, ana ta koke-koke ana ɗaukar hoto, na ga gwangwanin a kan taga na tura shi cikin jakata. Ɗalibai sun raka ki har tasha. Na tambayi kaina ko su nawa za su raka ni, ban ji daɗin amsar ba.

Ki yi dariya, na yarda. Na shiga aji da katunanki, na ɗauki na farko na karanta tambayar. Suka yi shiru. Shirun bai kai numfashi uku ba na ji kamar ana kallon tsiraicina, sai na amsa da kaina, na ce su rubuta. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Falmata, shiftar katunanki na yi musu, zango guda cur.

Sai bayan kiran Shugaban Sashe na zazzage gwangwanin a kan tabarma, wasu suka faɗi a kife. Ashe kina rubutu a bayansu. "Hammadu: ba ya magana sai an taɓo gona." "Rifkatu: ta sani, tsoron kuskure take, a fara da ita cikin rukuni." "Bulama: kada a ba shi misalin gudu ko ƙarar bindiga." Ni ina shirya darasi, ke kina shirya mutane. Waɗannan duk sun gama sun tafi, wasunsu ma suna koyarwa. Abin da na sata ba shi da amfani ga kowa sai ke.

Har yanzu ina ƙyashinki, ba zan ɓoye ba. Ke da kika zo ba ki da ko takarda ɗaya, ni da nake da kabad guda na littattafai, amma ke ake tambaya. Jiya ma wani tsohon ɗalibi ya ɗauko ni a kekensa na haya, tun daga Jimeta har ƙofar kwaleji maganarki yake. Sunana kuwa bai tuna ba.

A can ƙasan gwangwanin akwai kati ɗaya wanda babu tambaya a gabansa. A bayansa kin rubuta: "Adda Dija: tana tsayawa a taga ran Talata. A bar kujera kusa da ƙofa. Kada a kalle ta."

Na tuna kujerar. Kullum ina ganinta babu kowa a kai, ɗalibai na tsaye a bayanta, ina cewa a raina ko tsara aji ba ki iya ba. Shekara nawa kina ajiye min ita, ban taɓa shigowa ba.

Na sayo kwalaye. Na zauna rubuta abin da na sani game da ɗalibaina na bana, sai na tarar mutum bakwai kawai na sani da suna. Da su zan fara ranar Litinin, littafin baƙin bango kuma zai zauna a gida. Ban san ko zan iya jure shirun ba, ban san ko za a bar min kwas ɗin ba. Gwangwaninki zan ba direba ya kawo miki ranar Asabar, amma kati ɗaya ba zai zo ba, kin san wanne.

Allah Ya tsare ki da iyalinki, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya sa albarka a ajinki, Ya cire min abin da ke zuciyata. Ki yafe min, ƙanwata. In kin bugo wannan karon zan faɗi gaskiya.

Taki, wadda ta tsaya a taga,
Adda Dija,
Luggere, Jimeta.