Dawar da iska ta kwantar

Laraba da dare, Agusta 1964

Yau na fara zuwa gona tun da ƙyanda ta ɗauke mana 'yarmu Saratu. Ban yi kuka a asibitin Malumfashi ba, ban yi a bakin kabari ba. 'Yan'uwa a coci suna ta cewa in ƙarfafa, ni kuwa ko tuwo ba na jin ɗanɗanonsa.

Iskar makon jiya ta kwantar mini da dawa duka. Ina tsaye ina kallo sai ga Baba da hauyarsa. Tun da na bar tsafin gidanmu na bi Yesu bai taka gonata ba. Na zaci zai ce alhakin iskokin gida ne ya kama ni.

Na sunkuya zan miƙar da wani kara, ya riƙe mini hannu.

"Bar shi, Tanko. In ka tashe shi da ƙarfi karyewa zai yi. Duba nan."

Ya nuna mini gaɓar karan. Ta lanƙwashe, kan ya fara juyowa sama da kansa.

"Tunda saiwa na ƙasa, zai tashi. Ba dai yau ba."

Ɗazu na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya ƙi. Abin da ya fito kawai shi ne: Ubangiji, ina kwance, ka riƙe saiwata. Ban ji komai ba. Baba dai ya ce gobe zai dawo.