Ƙanshin Waken Baba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

"Yaya, in ƙwaro ɗaya ya taɓa waken nan, ki daina kirana ɗan'uwanki." Haka ka ce ranar da ka rataye tarkunanka a ɗakin ajiyata. Ka ce ƙwaro ba da ido yake neman wake ba, ƙanshi yake bi da 'yan ƙahonnin nan biyu na kansa, kuma ruwan da ka ɗiga a tarkon ya fi wake ƙanshin wake. Na yarda, don ni ma na karanta hakan.

Abin da ba ka faɗa ba shi ne, tarko yana cika. Sauran baƙin da ka gayyato fa, ina za su sauka? Jiya na kwance buhun irin Baba, na zura hannu, sai gari. Kowace ƙwaya da ƙofarta. Irin da marigayi ya ƙare rayuwarsa yana zaɓa da hannunsa, babu shi a kasuwa, babu shi gun kowa.

Saura mudun da ka ɗiba ka kai firjin cibiyar binciken da kake aiki. Ka dawo min da shi kafin ruwa ya sauka.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Wallahi tun da na karanta takardarki na kasa cin abinci. Laifina ne. A waje ya kamata in rataye tarkunan, nesa da ɗakin. Na sa su a bakin taga ne don in riƙa duba su cikin sauƙi.

Amma Yaya, ba mu taɓa ganin ƙanshin da ya ja ƙwari haka ba, kuma daga waken Baba muka tatso shi. Rabin mudun mun riga mun niƙa. Sauran rabin da shi za mu gano ainihin abin da ƙwarin ke ji. In muka dace, manoma da yawa za su huta. Baba ma da zai so haka. Ki yi min haƙuri.

Ƙanenki mai biyayya

*

Malam mai bincike,

Ina gaisuwa. Kai ka ce in daina kiranka ɗan'uwa, to na daina.

Kada ka ƙara sa wa Baba magana a baki, ba ya nan balle ya musa. Niƙaƙƙen wake ba ya tsiro, wannan ko a littattafanku haka yake.

Na ba ka zuwa Juma'a, kafin ku tashi aiki. In rabin nan bai zo hannuna ba, Litinin ina tafe da buhun, da mazauna cikinsa. Zan kwance bakinsa a tsakiyar ɗakin gwajinku, inda kuka jera sauran iri a kan kanta. Ba sai na nuna musu hanya ba. Kai ka koya min yadda suke gane ta.

Allah ya kai mu.
'Yar mai waken