Hancin Babana Ya Mutu, Ya Ce In Rufa Masa Asiri

Anti Opal,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Mako uku ke nan ina juya maganar nan a raina, ko mijina ban faɗa wa ba.

Babana ya shekara talatin da takwas yana aiki a wani ƙaramin kamfanin barasar da ake kira wuskin burbon a yankinmu. Aikinsa sunsuna gangunan da ake ajiye wuskin a ciki. Shi ke cewa wannan ta nuna, waccan a ƙara mata shekara biyu. Tun ina yarinya ba a shafa turare a gidanmu, kuma daga bakin ƙofa yake gaya wa marigayiya Mama abin da ta zuba a tukunya.

Watan jiya na ga ya rame, ya rage magana, sai na kama mana wani ɗan gidan katako a kan tudu, can bayan Bardstown, kwana uku, daga ni sai shi. Wurin shiru, sai kukan tsuntsaye. Da safe raɓa ta jiƙe ciyawa, dawakan maƙwabta suna kiwo a bayan shinge, mu kuma muna baranda da kofi a hannu. Kwana biyun farko har dariya ya yi. Ya cinye ni a karta sau huɗu, yana mini tsiya wai karatun jami'a bai tsinana mini komai ba.

Rana ta uku ya ce shi zai gasa mana burodin masara. Na gangara bakin rafi, da na juyo tun daga nesa nake jin ƙauri. Na tarar kicin ya turnuƙe da hayaƙi, shi kuwa yana baranda yana karanta jarida hankali kwance, ga tagar kicin a buɗe a bayan kansa. Da na kashe murhun na fito, sai ya ce, "Zauna, 'yata." Ashe tun wata mura da ya yi bara hancinsa ya mutu. A wurin aiki sai ya bar Loretta, abokiyar aikinsa ta shekara ashirin, ta fara faɗin nata ra'ayin, shi kuma ya gyaɗa kai. Ya ce, "In ba hancin nan, ni wane ne a garin nan? Ki rufa mini asiri."

Na ce to. Amma Anti, shi kaɗai yake zaune a gida, kuma da gas yake girki. Ga Loretta tana aikin mutum biyu, shi ake yabo. Zancen likita kuwa ya ƙi, wai likitan garin ɗan cocinsu ne, maganar za ta fita. Wani lokaci in ji kamar in kira mai kamfanin, wani lokaci in ji kunyar kaina da na ma yi tunanin haka. Yaya zan yi?

Ɗiyar da ta yi alkawari

*

'Yata,

Abubuwa uku kika cakuɗa, shi ya sa suka yi miki nauyi.

Maganar gas ba ta jira. Ranar Asabar ki saya masa na'urorin da ke ƙara in sun ji hayaƙi ko gas, ki kafa su da hannunki. Wannan bai taɓa alkawarinki ba.

Sai likita. In ba ya son na garinku, ki kai shi Louisville inda ba wanda ya san shi. Ni ba likita ba ce, amma na san wani lokaci jin ƙanshi yana dawowa, wani lokaci kuma ɓacewarsa alamar wani abu ce da ya kamata a duba. Ramar da kika gani ma ta isa dalili. A nan kada ki yi masa sanyi.

Mai kamfani kuwa, kada ki kira shi. Damuwarki da haƙƙin Loretta daidai ce, kuma abin da babanki yake yi ba zai ɗore ba. Amma in maganar ta fito daga bakinki, kama shi aka yi. In daga bakinsa ta fito, dattijo ne ya faɗi gaskiya. Ki gaya masa kai tsaye cewa ba za ki tona shi ba, amma kina so shi ya faɗa da bakinsa, ya fara da Loretta kafin ƙarshen wata. Ina kyautata zaton matar da ta yi shekara ashirin a gefensa ta daɗe da ganewa, shiru take yi don mutuncinsa. Ta cancanci ya gode mata, ya kuma faɗi sunanta a gaban mai kamfani.

Mutumin da ya san wane lungun ɗakin ajiyar ganguna ke sa wuski ya nuna da sauri, wanne ke jinkiri, bai gama amfani ba. Ya manta ne, sai ki tuna masa.

Kuma ki gaya wa mijinki. Uba ya sauke kayansa a kanki ya ɗan samu sauƙi, ke ma kina buƙatar inda za ki sauke naki.

Allah ya ba shi lafiya, ya yi miki albarka.

Anti Opal