Tsakuwar Kabarin Mama Rivka

Morris Heights, Bronx, Amurka

Yaya Sumaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ki da yara da duk mutanen Zangon Kumasi.

Yaya, na yi ɓarna. Kin tuna Mama Rivka, tsohuwar Bayahudiyar da na yi jinya, wadda ta rasu bara ta bar mini ɗan itacen ɓaurenta a tukunya? Na je kabarinta, na tarar da tsakuwa birjik a kan dutsen da aka rubuta sunanta. Raina ya ɓaci. Matar da ko ƙura ba ta bari a tebur! Na kwashe su tas, na goge wurin. Da yake ta sha gaya mini addininsu ya hana wulaƙanta abin da Allah ya halitta, ban zubar ba, na jera su a gindin ɓauren.

Jiya 'yarta Lea ta kira ni daga Chicago tana kuka. Ashe su ba sa tsinke fure don mamaci. Duk wanda ya ziyarci kabari tsakuwa yake ajiyewa, shaidar ya zo. Ta je ta ga wayam. Ƙanenta Natan, da ke nan garin, ya rantse yana zuwa, ta ce maƙaryaci ne, ya yar da uwarsu. Sun daina magana. Ni kuwa na yi tsit ina kallon tukunyar.

Ƙanwarki,
Rafia

Rafia,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya lau.

Ke dai da tsaftar nan taki! Tun kina ƙarama kike share inda ba a aike ki ba. Sharar kuskure ce, amma shirun da gangan kika yi. Tsoro kike su ce Musulma ta taɓa musu kabari? To gara su ji haushinki da a ce uwa na kwance 'ya'yanta suna gaba da juna saboda ke. Ki kira ta yau.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.
Sumaya

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na kira. Da na gaya wa Lea ni na kwashe tsakuwoyin na jera a tukunyar ɓauren, sai ta ce, "Suna da yawa?" Na ce sun rufe bakin tukunyar. Sai ta fashe da kuka tana kiran sunan Natan.

Ranar Lahadi Lea ta zo, ni da ita da Natan muka mayar da su kabarin. Da muka gama, Natan ya tsinci wata a ƙasa ya miƙo mini, ya ce in ajiye tawa. Tsakuwoyin duk jikinsu ƙasar tukunyar ɓauren ce, Yaya. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma ban goge ko ɗaya ba.

Na bar ki lafiya,
Rafia